Wanda ba zai iya jira ba: lacca kan farashin hatsi, ƙodago da rumbun haɗin gwiwa

Wannan lacca ce da wani malamin tattalin arziki ya gabatar bayan sallar La'asar a harabar makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa, gab da girbin gero. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya gafarta Malam Liman, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke can gefen aji, 'yan'uwa matasa, barkanmu da yamma.

Zan fara da tambayar da yaro ma ya san amsarta. Yaushe gero ya fi arha? Da kaka. Yaushe ya fi tsada? Tsakiyar damina, Yuli zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. To wa ke sayarwa da kaka, wa ke saye da damina? A mafi yawan gidaje mutum ɗaya ne. Shi ya kai buhunsa Gujungu a watan Nuwamba, shi ne kuma ya koma da kwano a hannu yana awo a watan Yuli. Wani lokacin ma geron da ya noma ne ya sayo, ya sha iskar sito kawai ya dawo masa da sabon farashi.

Mu yi lissafin a fili. Gida mai baki goma, in za a yi tuwo da kunu yadda ya kamata, tiya biyu ce a rana. Buhu tiya arba'in ne, ke nan buhu ɗaya kwana 20. Shekara tana son buhu 18. Magidancin da ya sussuke buhu 12, ko ƙwaya bai sayar ba, abincin wata takwas gare shi. Kuma dole ya sayar, domin duk wanda yake binsa kaka yake jira: mai taki, mai shago, mai maganin da aka karɓa da zazzaɓin damina, ga auren 'ya, ga ɗakin da ruwa ya ci. Wannan mutum sunansa manomi, amma in ka haɗa shekararsa gaba ɗaya, ya fi sayen hatsi a kan sayarwa.

Ku riƙe wannan, domin a nan ne mu masu ra'ayin talaka muka rabu gida uku, kuma ba mu daina gardama ba.

Gida na farko suna cewa gwamnati ta dawo kasuwa: ta yanka farashi, ta sayi amfanin gona, ta ba da taki da rangwame. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Tun da aka shigo da tsarin SAP na gyaran tattalin arziki a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka bar manomi shi kaɗai gaban dillali. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, wata guda bai cika ba aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ku da kuke ban-ruwa da inji a fadamar nan ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba. Litar fetur ɗin da injin yake sha, buhun yuriya, kuɗin motar kai shanshera kasuwa, duk a tare suka tashi.

Amma in dattawanmu za su yi adalci, hukumar sayen gyaɗa ba uwar manomi ba ce. Jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗin haraji, dalar gyaɗa ta tashi. An kafa hukumar gyaɗa a 1949, a 1954 ta koma hannun gwamnatin jihar Arewa. Aikinta shi ne ta sayi gyaɗa ƙasa da farashin duniya, da sunan za ta adana rarar don shekarar da farashi ya faɗi. Rarar ta zama kuɗin shigar gwamnati. An yi gine-gine da ita, ban musa ba, amma daga aljihun mai fartanya aka ciro, kuma wakilan saye masu lasisi su ne suka yi ƙiba a tsakani. Da farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975, manomi ya koma ga geronsa da dawarsa, babu wanda ya ce masa ga ajiyarka. Saboda haka in wani ya ce gwamnati ta dawo, tambayar ita ce: wace gwamnati, kuma wa zai riƙe sikeli?

Ko rangwamen taki, ku duba yadda yake tafiya. A 2012 an gwada rabawa ta wayar hannu, buhu biyu kan rabin kuɗi. Daga baya aka zo da na Naira 5,500. A Nuwamba 2015 Babban Banki ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Kebbi, ya bazu har nan, biyan bashin kuma ya zama rigima. A duk waɗannan, mutumin da gidansa babu abincin dare, in ka ba shi buhun taki a watan Yuli, me zai yi da shi? Zai sayar wa mai hali a kan ragi ya auno gero. Sai a ce talaka ba shi da godiya. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne: taki sai bayan wata uku zai biya, yara kuwa yau suke kuka.

Gida na biyu suna cewa a bar jiran gwamnati, manoma su haɗa kai su yi ƙungiya. Zan dawo kansu, domin can na fi karkata, amma da sharaɗi.

Gida na uku su ne masu tsaurin ra'ayi, kuma su ne suka fi ɓata wa mutane rai a taro. Suna cewa kalmar "manoma" ma yaudara ce. Mai eka hamsin da shanun huɗa da injin ban-ruwa uku manomi ne. Wanda ya jinginar da gonar gado yake yini a gonar wancan, shi ma manomi ne. In ka zuba su a ƙungiya ɗaya, wa zai zama shugaba? Wa zai zama ma'aji?

Wannan gardama tsohuwa ce, ta girmi kakanninmu. A Rasha aka fi yin ta. Lenin, a 1899, ya ce da zarar kasuwa ta shiga ƙauye sai manoma su tsage: kaɗan su zama masu ɗaukar ma'aikata, da yawa su zama 'yan ƙodago, na tsakiya su riƙa zamewa ƙasa. Wani masanin noma mai suna Cayanof, a shekarun 1920, ya ce a'a, abin da ake gani yawanci juyin gida ne: magidanci mai ƙananan yara bakuna sun fi hannaye yawa, sai ya talauce, in yaran suka tasa suka shiga gandu sai ya farfaɗo, in suka ware, ya sake komawa. Duk wanda ya san gandu da gayauna ya san Cayanof bai yi ƙarya ba. Sai dai maganarsa tana tafiya ne in akwai dajin da za a sassabe in yara sun girma. A nan ina dajin? Gona ana raba ta gado bayan gado har ta koma kamar tabarma, ga ambaliya irin ta 2022, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Inda ƙasa ta ƙare, maganar Lenin ce take ƙara nauyi.

Ba sai kun yarda da ni ba, kuna iya aunawa da kanku. Matasa biyar da littafi ɗaya sun isa. Ku bi gida-gida da tambaya huɗu. Hatsin da kuka noma bara, a wane wata ya ƙare? A watannin Yuni da Yuli, kwana nawa mutanen gidan nan suka yi a gonar wani, kwana nawa kuma wasu suka yi a taku da biya? Akwai gonar da kuka bayar jingina ko kuka karɓa? Kuna da shanun huɗa ko inji? Kada ku tambayi mutum nawa yake samu, ba zai faɗa ba, kuma yana da gaskiya. Kada ku rubuta suna, ku sa lamba. In kun maimaita bayan shekara uku kuka tarar gidajen da ke ƙasa su ne dai a ƙasa ko da yaransu sun girma, to kun san wanda ya ci gardamar a garinku.

Tambaya ta biyun nan ita ce zuciyar maganata. Gero yana son noman farko cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa. In ka makara, ciyawa ta riga shi cin taki da ruwa, kuma abin da ya rasa a lokacin ba ya dawowa ko ka yi maimai sau biyu. To a daidai makonnin nan ne rumbun ƙaramin manomi yake ƙarewa. Ya tashi da asuba, fartanya a kafaɗa, ya wuce ta gefen gonarsa yana kallon ciyawa, ya tafi ta Alhaji, domin ta Alhaji ce za ta ba shi kuɗin awo kafin magariba. Tasa sai ranar da babu jinga. Gonar mai hali ta samu noma a kan kari, da hannun wanda tasa gonar take lalacewa. Da kaka wancan ya ɗaure dami ɗari, wannan ya ɗaure talatin, sai a ce wancan ya fi ƙwazo. Hannu ɗaya ne fa ya nome duka biyun.

Kal Maks ya kira irin wannan rarar ƙima: abin da aikin ma'aikaci ya haifar ya fi abin da aka biya shi, bambancin kuma yana tafiya ga mai kayan aiki. A masana'anta ya yi nazarinsa. A ƙauye rarar tana fita ta ƙofa uku: ta ladan ƙodago, ta tazarar farashin kaka da na damina, da ta bashi. Na ukun kun san shi, ba-da-kaka. A ba ka buhu ɗaya da damina, ka biya biyu da kaka. Mai bayarwa zai ce ai buhun damina tsada gare shi, ba riba ya ci ba. To ya riƙe biyun nan har wata damina, ka ga buhu ɗaya ya haifi biyu masu tsada cikin shekara. Malam Liman yana nan, ya fi ni sani: hatsi da hatsi iri ɗaya da ƙari riba ce tsantsa. Shi ya sa ake juya abin ya zama kuɗi, a kira shi salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya. Salam halal ne in an cika sharuɗɗa: a biya kuɗin duka a wurin ciniki, a san iri, a san ma'auni, a san lokacin bayarwa. Amma cika sharaɗi bai hana a yanka wa mai yunwa farashin da mai ƙoshi ba zai karɓa ba.

Masu ra'ayin kasuwa suna da amsa, kuma bai kamata mu toshe kunne ba. Suna cewa ɗan kasuwar da ya sayi hatsi da kaka ya adana aiki ya yi wa jama'a: in ba don shi ba, da an cinye ko an fitar, damina ta zo babu ko na saye. Ya biya sito, ya yi asarar ƙwari, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Wannan gaskiya ne. Suna kuma kawo hadisin da aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi a Madina bai yi ba. Shi ma ya inganta. Amsarmu ita ce ba adanawar muke zargi ba. Muna tambaya ne me ya sa kullum mutum ɗaya ne yake da ikon jira, ɗayan kuma ba shi da shi. Shari'ar da ta bar farashi ita ce ta hana tare fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, ita ce ta hana ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane, ita ce ta ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Yanzu ku ga dalilin da ya sa ba na tafa wa wanda ya hau mumbari ya ce a ƙara wa manomi farashi. In gero ya yi tsada, mai buhu ɗari ya ci. Mai buhu 12 ya ɗan ci da kaka, ya biya ninki da damina. Ɗan ƙodago da ba shi da gona ya biya kawai. In kuma farashi ya faɗi, kamar yadda aka gani bayan gwamnatin tarayya ta dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a Yuli 2024, mai awo ya numfasa, wanda ya ci bashin taki da tsada ya noma shinkafa ya shiga uku. Farashi ɗaya, kuka biyu. Duk jam'iyya ko ƙungiyar da ta ce tana magana da yawun "manoma" sai a tambaye ta: wanne daga ciki?

Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta ja layinta tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma a zamanin layin daidai yake: haraji, jangali, aikin tilas, kotun alƙali. Da jam'iyyar PRP ta ci jihar Kano a 1979, lokacin Jigawa ma Kano ce, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. A 1980 Kano ta fara ba da hutun ranar ma'aikata kafin tarayya ta bi. Babban aiki ne. Amma soke haraji ya cire hannun hukuma ne daga rumbu, bai cire hannun mai bashi ba. Kafin a kai ga wannan, PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, aka koma faɗan cikin gida. Aikin da Malam Aminu ya fara bai ƙare ba, wurin da layin yake ne ya motsa, yanzu ya ratsa ta tsakiyar unguwa, wani lokacin ta tsakiyar zuri'a ɗaya. Shi ya sa ya fi wuyar faɗa.

Ku ɗauki mafi ƙarancin albashi. A Yuli 2024 aka mai da shi Naira 70,000 daga 30,000. Amma dokar da kanta ta ware wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ta ware masu aikin jinga, ta ware aikin lokaci-lokaci irin na gona. Ke nan duk wanda ke zaune a filin nan, in ka cire malaman makaranta, doka ba ta san da shi ba. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta masu albashi ce. 'Yan ƙodagon gona in za su samu wani abu, su za su nema. Kuma abin da ya fi sauƙin samu ba ƙarin kuɗi ba ne, ma'auni ne. Yawancin cutar jinga a ido take: a tsaya a bakin gona a ce wannan ai ba ta kai eka ba. Eka kusan yadi 70 ne tsawo da 70 faɗi. A yanki igiya mai yadi 70, a ajiye a gidan Mai Unguwa, duk jingar dashe ko yanka ko noma a auna da ita. A yanke kuɗin eka a gaban Dagaci kafin ruwa ya sauka, a sake zama in farashin tiya ya motsa sosai, a kuma amince biya ranar da aka gama. Abu biyu ke rusa irin wannan. Baƙi masu zuwa aikin shinkafa daga nesa za su karɓi ƙasa da haka in ba a sa su cikin maganar ba tun farko. Sannan ƙaramin manomi shi ma yakan ɗauki mutum biyu ranar dashe, in aka tsawwala shi ne zai fara karya yarjejeniyar.

To mu zo ga rumbun haɗin gwiwa. Maƙwabtanmu a Nijar sun daɗe suna yin sa. Maimakon ka sayar da kaka, sai ka kai hatsinka sito na ƙungiya, a auna, a rubuta, a kulle, a ba ka rancen wani kaso na darajarsa. Ka biya buƙatunka. In damina ta kusa ka biya rancen ka ɗauki kayanka.

Zan sa lambobi don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwa nake faɗa ba. Mu ce buhu 40,000 da kaka, 60,000 da damina. Mutum ya kawo buhu 8, darajarsu 320,000. A ba shi kashi 60 cikin ɗari, 192,000. Kuɗin sito da gadi mu ce 500 kan buhu a wata, wata shida, 24,000. Buhun adana mu ce rabonsa na shekara 8,000. A watan Yuni ana binsa 224,000. In ya biya da kuɗin ci-rani ko na noman rani, buhunsa 8 suna nan. In bai samu ba, a sayar da 4, ya tafi da 4 da ɗan canji. Da tun kaka ya sayar don ya samu 192,000 ɗin, sai ya saki kusan 5, ya rage 3. Ribar ke nan, buhu ɗaya. Na ga wasu sun yamutsa fuska. Buhu ɗaya kwana 20 ne, kuma kwana 20 ɗin nan su ne na noman farko. Mutumin zai kwana 20 a gonarsa maimakon ta wani.

Ga kuma inda yake cizo. In farashi ya faɗi zuwa 35,000, sai an sayar da buhu shida da kusan rabi kafin a biya 224,000. Ya tashi da ɗaya da rabi, alhali da ya sayar da kaka da yana da 3. Shi ya sa ba a wuce kashi 60 zuwa 70, shi ya sa ba a sa duk abin da aka noma, shi ya sa kuma abin ya fi dacewa da hatsin da gida zai ci a kan wanda ake jiran tsadarsa. Duk wanda ya ce muku babu asara a ciki, ku riƙe aljihunku.

Sharaɗin da na ce zan dawo kansa shi ne na 'yan gida na uku. A sa iyakar buhunan da mutum ɗaya zai ajiye, misali goma, in ba haka ba mai buhu ɗari zai cika siton ya kwashe rancen. Mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan kayansa. Wanda yake sana'ar sayen hatsi ko ba da ba-da-kaka kada ya riƙe muƙami, ko da mutumin kirki ne, domin an sa shi gadin abin da zai rage masa ciniki. Kwaɗo uku a ƙofa, makullai a hannun mutum uku da ba gida ɗaya ba, ba a buɗewa sai dukansu suna nan. A yi rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha don a iya buɗe asusun banki. Ba a ajiye tsabar kuɗi a gidan ma'aji.

Sauran bayanin adanawa, ga malamin gona nan, ya fi ni hannu a ciki. Bismillah, Malam.

Malamin gona: Na gode. Abin da ya fi kashe sito danshi ne, ba ɓarawo ba. Buhu ɗaya mai danshi zai ɓata na kusa da shi, kuma a ƙungiya asarar ta kowa ce, don haka a gwada na kowa, har na shugaba. In babu na'ura, a samu kwalba busasshiya, a zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, a sa busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a rufe a girgiza, a bari kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Masara ana son danshinta ya sauko kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. A sheƙe sosai, ƙaiƙayi da karyayyen hatsi su ne abincin ƙwari.

Buhun adana hatsi da ake kira PICS leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin zubawa a hura kowace leda a matse a ji ko tana fitar da iska. Mai huji ba ta da amfani. A zuba, a matse iska, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan na waje daban. Ba magani ke kashe ƙwarin ba, rashin iska ne, don haka duk buɗewa ta mai da aiki baya. A jera kan katako, kada buhu ya taɓa ƙasa, a bar tazarar da mutum zai wuce tsakanin kaya da bango don a riƙa duba ɓera, domin haƙori ɗaya ya gama da ledar. Kada a zuba maganin feshi a wake. Saboda irin wannan Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar hayaƙin nan ta kashe ƙwarin hatsi kuma kada a sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi, tana kisa.

Wata dattijuwa daga ɓangaren mata: Malam, mu da muke ɓarar zoɓorodo da gumin shinkafa ana biyanmu da kwano, kuma ba ma fita taro, ina namu a ciki?

Mai lacca: Inna, Allah ya ƙara girma, tambayarki ta fi laccar. Ku yi littafinku daban da makullinku daban, ko da ɗaki ɗaya ne a raba shi. In aka rubuta hatsin mace da sunan mijinta, ranar buɗewa ba nata ba ne. Kuna da adashi, kun riga maza iya riƙon amana a kan kuɗi. Zubin wata uku kafin kaka zai iya zama jarin rancenku. A aikatau kuma ku nemi abu ɗaya tukuna: kwano ɗaya sananne, na awon aiki da na awon lada, kada a karɓi aiki da babba a biya da ƙarami.

Wani matashi: Allah ya gafarta Malam, kuɗin rancen farko daga ina? Zakka za ta yi?

Mai lacca: Zakkar hatsi tana wajaba in an kai sa'i 300, ɗaya cikin goma a noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin a na ban-ruwa da inji. Amma haƙƙin mabuƙaci ce a damƙa masa, ba a ranta masa ba, don haka kada ku taɓa ta sai da fatawar Malam. Ku nemi rance marar ruwa daga 'yan garin nan mazauna Kano da Legas, a rubuta, da shaidu biyu da ranar biya. Kuɗin sito kuma ya zama na ainihin hidima, gadi da buhu da gyaran rufi, kan kowane buhu, ba kan yawan rancen ba, in ba haka ba ya zama riba da wani suna. Shekarar farko kada ku wuce gida ashirin da buhu ɗari. In kowa ya karɓi kashi 60 a lissafin ɗazu, Naira miliyan 2 da dubu 400 ke nan. In abin da kuka tara bai kai ba, ku rage kason zuwa 40, kada ku rage yawan gidajen.